Hancin ma'aikaci ba na'ura ba ne: maganar lazer mai hango yoyon gaz



Yau maganar gaz za mu yi. Tsadarsa da ƙarancinsa kullum muna kansu a rediyo, yau mu ɗan aje su gefe. Abin da ke gabanmu shi ne yoyonsa a manyan ma'aikatu, inda ake tace shi, ake tara shi, ake ɗura shi cikin butali, da wata 'yar na'ura ta hannu mai aiki da hasken lazer wadda ke hango gaz tun daga nesa. Mu faɗi matsayinmu tun da farko don kada a yi ta lalube: muna ganin lokaci ya yi da irin wannan na'ura za ta shiga hannun ma'aikatanmu da pompiyenmu. Amma sayenta kaɗai ba ya tsare ran kowa. Sai an san wane gaz take gani da wanda ba ta gani, kuma sai an ba mai riƙe da ita ikon ya ce a tsaida aiki, a tsaida.

Kowa ya sani Nijar ta shiga sahun ƙasashen mai. Tun watan Nuwamba na 2011 aka buɗe matatar SORAZ, arewa da Damagaram bisa hanyar Tanut, mai ƙarfin tace ganga 20,000 a rana. Ɗanyen man yana zo mata daga Agadem ta bututu mai tsawon kilomita 462, ita kuma ta fidda esansi, gazuwal da gaz na girki. A 2024 kuma babban bututun da ya tashi daga Agadem zuwa Seme a bakin tekun Benin, kusan kilomita 2,000, ya fara aiki. Gaz ya shiga gidajenmu, kuma alhamdulillahi, ya rage wa mata hayaƙin ice, ya rage wa daji sara. Sai dai butalin nan na kilo 6 da ke tsakar gidanku, kafin ya iso ya biyo ta tankin matata, ya shiga sitarni, ya sauka depo, ya bi ta wurin ɗuri. A kowane zango akwai mahaɗar bututu, akwai famfo, akwai robar da ke toshe baki. Ƙarfe yana tsatsa, roba tana bushewa, balle a zafin Afrilu irin namu. Duk duniya babu ma'aikatar gaz da ba ta yoyo. Bambancin kawai, wasu suna gano shi yana ƙarami, wasu sai wuta ta nuna musu.

To da me ake gano shi? Da yawanmu za mu ce da hanci. Ku sani warin nan da muke ji ba na gaz ɗin ba ne. Metan da butan a asalinsu ba su da wari, wani sinadari ne mai ɗoyi ake zuba musu da gangan don mutum ya ankara. Kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin abin ya zama doka. A ranar 18 ga Maris 1937, a garin New London na jihar Texas a Amurka, gaz marar wari ya taru a ƙarƙashin ginin wata makaranta ba wanda ya sani, ya fashe, ɗalibai da malamai kusan 300 suka rasu. Bayan nan ne jihar ta wajabta sa wa gaz wari, sauran wurare suka bi. Amma a cikin matata ko a bakin rijiyar mai, akwai gaz ɗin da bai kai matakin da ake sa masa warin ba tukuna. Nan hanci ba shi da aiki.

Akwai wanda ya fi wannan mugunta, gaz ɗin da ake rubutawa H2S, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wanda ake samu a harkar mai da kuma cikin ramukan ƙazanta. In kaɗan ne hanci yana jin sa. In ya yi yawa sai ya kashe jijiyar jin wari, mutum ya ɗauka ya wuce, alhali lokacin ne ya fi haɗari. In ya ƙara yawa, shaƙa ɗaya ko biyu mutum ya faɗi. Abokin aikinsa ya rugo don ya ɗauke shi, shi ma ya faɗi kusa da shi. Masu aikin mai a ko'ina sun san wannan labari.

A da can, masu haƙar kwal a Ingila tsuntsun kanari suke shiga rami da shi cikin keji. In tsuntsu ya yi shiru ya faɗi, kowa ya fita. Sai a 1986 aka daina, aka koma na'ura. Na'urorin da suka gaji kanarin, waɗanda ma'aikaci ke maƙalawa a ƙirji, suna da amfani sosai kuma har gobe ana buƙatarsu. Amma suna da aibi guda: ba sa kuka sai gaz ɗin ya taɓa su. Ma'ana, lokacin da na'urar ta yi ƙara, mai ɗauke da ita ya riga ya shiga cikin gaz. Kun ga ke nan an bar tsuntsu ya huta, ɗan Adam ya karɓi wurinsa.

Nan ne lazer ya kawo sabon abu. Bari mu yi bayani yadda kowa zai gane. Kowane irin gaz akwai launin hasken da yake shanyewa, nasa shi kaɗai, kamar yadda kowane mutum ke da zanen yatsansa. Metan yana shan wani haske da idonmu ba ya gani, mai tsawon zango wajen mikoron 1.65. Sai masana suka ƙera lazer mai fidda daidai wannan haske. Ma'aikaci ya tsaya nesa ya auna bututu ko bango ko ƙasa, kamar mai haska tocila. Hasken ya tafi ya bugi wurin ya dawo, na'urar ta lissafa nawa ya tafi, nawa ya dawo. In babu metan a tsakani, hasken ya dawo yadda ake tsammani. In akwai, an sha wani kaso a hanya, sai na'urar ta yi ƙara ta nuna lamba. Duk wannan bai kai daƙiƙa guda ba. Tun da ainihin hasken ba ya ganuwa, ana haɗa shi da wani ɗan ɗigon haske kore ko ja don mutum ya san inda yake aunawa.

Na hannu da aka fi sani suna kai wajen mita 30, wasu sun fi haka, kuma akwai waɗanda nauyinsu bai kai kilo guda ba. Ku duba abin da mita 30 ke nufi ga mai aiki. Bututun da ke can sama wanda a da sai an kafa tsani an hau, yanzu daga ƙasa za a duba shi. Wurin da ke bayan shingen waya, ko tsallaken rami, ko kusa da injin mai zafi, ba sai an kai jiki ba. Hasken yana ratsa gilashin taga na yau da kullum, don haka pompiye zai iya tsayawa waje ya san ko ɗaki cike yake da metan kafin ya taɓa ƙofa. Ana ɗora irinta a kan mota ko a kan jirgi marar matuƙi a bi layin bututu. Kuma tun da metan kaɗai take nema, hayaƙin mota ko tururin wani abu ba ya ruɗa ta kamar yadda yake ruɗa tsofaffin na'urori. Mutum guda zai duba mahaɗa masu yawa a wuni ɗaya, aikin da a da sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da ruwan sabulu ana jiran kumfa.

To, yanzu ga inda muke so a buɗe kunne da kyau, musamman masu sa hannu a takardar saye. Galibin na'urorin lazer na hannu da ke kasuwa na metan ne. Gaz ɗin da ke cikin butalinmu kuwa butan ne, wani lokaci da ɗan propan a ciki. Lazer na metan ba ya ganin butan. Za ka iya tsayawa gaban depo da butan ya malale a ƙasa, ka auna, na'ura ta nuna maka sifili, ka juya ka ce lafiya lau. Wallahi wannan ya fi rashin na'urar haɗari, domin wanda ba shi da komai aƙalla yana tafe da tsoro.

Halin gaz ɗin biyu ma ba ɗaya ba ne. Metan ya fi iska sauƙi, in ya fita sama yake yi, sai dai in rufi ya tare shi. Yana kamawa da wuta in ya kai wajen kashi 5 cikin 100 na iskar wuri. Butan kuwa nauyinsa ya kai ninki biyu na iska, ƙasa yake bi kamar ruwa, ya gangara cikin lambatu, ya kwanta a rami, ya shiga ƙarƙashin ƙofa, kuma ƙasa da kashi 2 cikin 100 ya isa ya kama. Lita guda ta ruwan butan in ta fita tana zama fiye da lita 200 ta gaz. Saboda haka wurin ɗurin butali abin da yake buƙata daban ne: na'urorin da ake kafawa kusa da ƙasa, na ƙirji da aka daidaita su da butan, da kyamara ta musamman mai nuna gaz a allo kamar baƙin hayaƙi, wadda ita tana ganin butan da propan. Lazer na metan wurinsa filin rijiyoyi ne, da sassan matata inda metan yake, da duk inda ake tara gaz na shara ko na kashin dabbobi. H2S da amoniyak su ma akwai lazer nasu, amma kowanne da nasa, kuma da yawansu kafa su ake yi wuri guda suna gadin tsawon shinge. Duk ɗan kasuwar da ya zo ya ce ga guda mai ganin komai, a ce ya rubuta sunayen gaz ɗin a takarda, a gwada a gabansa.

Abu na biyu, lambar da take nunawa tana son fassara. Lazer yana tara duk gaz ɗin da ya gamu da shi tun daga hannunka har bango. Gaz mai kauri a ɗan wuri kaɗan da gaz mai tsinkewa da ya bazu a dogon wuri suna iya ba da lamba iri ɗaya. Na'urar tana cewa akwai, kuma ta wannan gefe yake, amma ba ta ce wa mutum ga yawan abin da zai shaƙa in ya matsa. Wannan aikin na'urar ƙirji ne. Su biyun tare suke tafiya.

Na uku, ƙasarmu ce. Hasken yana buƙatar abin da zai buga ya dawo, in ka auna sama fili ba abin da za ka samu. Ƙurar hunturu tana rage masa nisa, tana kuma rufe gilashin na'urar. Iska mai ƙarfi tana watsa gaz kafin a kama shi. Zafi yana cin batir. Kuma duk kayan lantarkin da za a shiga da su inda gaz zai iya taruwa dole su kasance masu shaidar ba sa fidda tartsatsi, irin alamar ATEX da ake gani a jikin kayan Turai. Na'urar da ba a gwada ta lokaci zuwa lokaci, wadda batirinta ya mutu tun bara tana kwance cikin kabad ɗin shugaba, ba ta da bambanci da dutse.

Na huɗu, akwai bala'in da lazer ba ya hanawa. A ranar 24 ga Maris 1992, a Dakar, wata sitarnin amoniyak ta fashe a ma'aikatar man gyaɗa ta Sonacos, inda ake amfani da amoniyak wajen tsabtace tunkuzar gyaɗa. An cika ta fiye da ƙima, ga kuma tsohon gyaran walda a jikinta. Mutum 129 suka rasu, fiye da 1,000 suka jikkata, kuma gajimaren gubar bai tsaya a bakin ƙofar ma'aikata ba, ya shiga cikin mutanen da ke kewaye. Wannan ba ɗan yoyo ba ne da za a hango da na'ura, sakaci ne wajen awo da kula da tanki. Mun kawo shi ne don kada wani ya ɗauki lazer a matsayin laya. Kuma don mu tuna cewa mu ma ƙasar gyaɗa ce, ƙasar mahauta da ɗakunan sanyi, kuma amoniyak na cikin abin da manyan injinan sanyi ke aiki da shi.

Wani zai ce, to in iyakokinta sun kai haka, me ya sa kuke matsa a saya? Ga kuma tsada, tunda ta kirki kuɗinta miliyoyin sefa ne. Amsarmu ita ce, a auna kuɗin da abin da take tsarewa. Sitarni guda da abin da ke cikinta sun ninka kuɗin na'urar sau da yawa, balle tankin matata, balle rai. Gaz ɗin da ke tsiyaya kuma dukiya ce ke bin iska, an haƙo shi da kuɗi, ba wanda ya saya. Ga shi duniya ta sa wa metan ido saboda ɗumamar yanayi: a 2024 Tarayyar Turai ta kafa doka a kan bin diddigin yoyon metan, kuma dokar ta taɓo har masu sayar musu da mai da gaz daga waje. Ƙasar da ke son kai manta kasuwar duniya, wata rana za a tambaye ta takardun awonta. Gara mu koya tun yanzu da hannunmu.

Amma babban dalilinmu maƙwabta ne. Garuruwanmu suna faɗaɗa da gudu. Depo da aka gina a bayan gari shekaru goma da suka wuce, yau gidaje sun kewaye shi, ga mai tuyar ƙosai a jikin katanga, ga makarantar allo, ga 'yan kabu-kabu suna jiran fasinja. A daren 1 ga Fabrairu 2024, a unguwar Embakasi ta Nairobi, wata motar gaz ta fashe a wurin ɗurin butali da ke tsakiyar gidajen mutane, wurin da hukumar makamashi ta ƙasar ta ce ta hana shi izini. Mutane sun mutu, fiye da 200 sun ƙone ko sun ji rauni. Mu ma ba mu manta daren 5 zuwa 6 ga Mayu 2019 ba, da sitarnin esansi ta kife kusa da filin jirgin Yamai, jama'a suka taru ɗiban mai, wuta ta tashi, fiye da mutum 50 suka rasu. Allah ya jiƙansu. Wancan esansi ne, amma darasin guda ne: abin da ke kashe mutane shi ne tururin da ido ba ya gani, da kuma rashin wanda zai ce ku ja da baya tun da wuri. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Don haka ga abin da muke roƙo, kuma ba mu ɗora wa kowa laifi ba.

Ga kamfanonin mai da gaz, manya da ƙanana: kowace ma'aikata ta rubuta jerin gaz ɗin da ke cikinta, ta tanadi na'urar da ta dace da kowanne. A sa ranakun zagayen dubawa, a rubuta abin da aka gani, da ranar da aka gyara. Yoyon da aka gano aka bari ba a gyara ba, ya fi wanda ba a gano ba nauyi a wuyan mai shi.

Ga hukumomi, daga ma'aikatar man fetur zuwa hukumar ARSE mai sa ido kan makamashi, da ofishin BNEE na muhalli, da masu binciken wuraren aiki: ku ma ku mallaki naku kayan awon. Mai bincike da ya zo hannu rabbana, sai abin da aka faɗa masa zai rubuta. Amfanin lazer da kyamarar gaz a nan shi ne, ko daga bakin shinge ana iya dubawa, ba sai an jira an share wuri an shirya tarba ba.

Ga pompiye: su ne ke shiga inda kowa ke gudu. A ganinmu kowace babbar rundunarsu, Yamai, Dosso, Tawa, Maraɗi, Damagaram, Diffa, Agadas, ta cancanci kayan gano gaz daga nesa da na ƙirji, tare da horo da kuɗin kula da su. Kamfanonin da ke cin ribar gaz su sa hannu a wannan, ai dukiyarsu ake zuwa ceto.

Ga makarantunmu, irin su EMIG a Yamai da jami'o'in Maraɗi da Damagaram: a koya wa ɗiyanmu aiki da waɗannan na'urori da gwada su da gyaransu. Kada ya zama duk wadda ta samu matsala sai an sa ta jirgi, a yi wata shida ana jira.

Sai maganar da ta fi duka nauyi. Yaron da aka ba na'ura galibi ƙaramin ma'aikaci ne, wataƙila ma na kwantaragi. Ya auna, ta yi ƙara, ga sitarni biyar a layi, ga shugaba yana duban agogo. In ya san faɗin gaskiya zai iya cin aikinsa, zai kashe ƙarar ya yi shiru, kuma kowa a cikinmu ya san haka. Dokar aiki ta ƙasarmu ta ɗora wa mai ma'aikata nauyin kare lafiyar waɗanda ke masa aiki. A fassara wannan a aikace: a rubuta, a manna a bango, cewa duk wanda na'ura ta nuna masa haɗari yana da ikon tsaida aiki nan take, kuma ba mai taɓa albashinsa. Sandikocin ma'aikata su riƙe wannan magana da ƙarfi kamar yadda suke riƙe maganar ƙarin albashi.

Su kuma mutanen unguwa, haƙƙinsu ne su sani. Mai unguwa, limami, shugabar mata, daraktan makarantar da ke kusa, a kira su ko sau ɗaya a shekara a nuna musu sakamakon dubawa da Hausa, a faɗa musu wane gaz ke bayan katangar nan, yaya ƙarar jiniyar haɗari take, kuma ina za a nufa in ta yi kuka. Ƙa'idar mai sauƙi ce: a kauce wa inda iska ke kai gaz ɗin, a nemi tudu in butan ne, kada a tada babur, kada a kunna ko a kashe makunnin lantarki, kada a tsaya ɗaukar bidiyo. A yi nisa tukuna, sannan a kira 18. Mu 'yan rediyo a shirye muke mu ba da fili a yi wannan bayani, da Hausa da sauran harsunan ƙasa.

Ƙaddara gaskiya ce, mun yi imani da ita. Amma Allahn da ya ƙaddara shi ne ya ba ɗan Adam basirar da ya gano cewa gaz yana shan haske, har ya ƙera abin da zai gan shi daga mita 30. Barin ma'aikaci ya ci gaba da neman yoyo da hancinsa alhali ga wannan a kasuwa, zaɓi ne da wasu mutane ke yi a ofis, kuma ana iya canza shi.

Ku da ke aiki a depo, a wurin ɗuri, a matata, ko kuke zaune a maƙwabtansu, ku faɗa mana yadda abin yake a wurinku, ba sai kun ambaci suna ba. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu, ya tsare ma'aikatanmu, ya ba ƙasarmu lafiya da zama lafiya. Amin.